Daga Sirdi Zuwa Kwalta: Iyakar Abin da Horon Keke Ke Bai wa Mai Gudun Fanfalaki

1.0 Gabatarwa

A cikin masu sha'awar wasannin motsa jiki akwai wani ra'ayi da ya samu gindin zama, wanda ke ɗaukar juriya a matsayin abu guda, ko ta wace hanya aka same ta. A bisa wannan fahimta, mutumin da ya saba shafe awa biyar a kan keke, yana hawa tudu yana gangarawa, ba zai ga abin tashin hankali ba idan aka ce ya sauka ya shiga gudun fanfalaki, wato gudun yada-ƙanin-wani mai nisan kilomita 42.195. In aka bi ta lissafi kawai, zancen yana da ƙamshin gaskiya. Gasar Tour de France, wadda 'yan tseren keke ke zagaya ƙasar Faransa a cikinta, takan kai kimanin kilomita 3,400 a zango 21 cikin mako uku. Ke nan nisan gudun fanfalaki kimanin kwatan abin da sukan ci a yini guda ne.

Wannan maƙala tana ganin rabin ra'ayin ne kawai gaskiya, kuma ɗaya rabin da ake kau da kai daga gare shi shi ne ke jawo wa mutane rauni. Horon keke yana gina zuciya da jini, waɗanda ke bin mai su duk inda ya nufa. Ƙashi da agara da tsokar da ke tarbar nauyin jiki a kowane taku kuwa, ba su samun wani rabo na a-zo-a-gani a kan sirdi. Daga wannan giɓi ne babban batun maƙalar ya taso: gogaggen ɗan keke da ya sauya sheƙa zuwa gudu yana cikin wani haɗari da sabon shiga na gama-gari ba ya ciki, domin haki, wanda ke taka wa sabon shiga birki kafin ƙafarsa ta illata, ba ya riskar ɗan keke da wuri.

2.0 Abin da Ke Biyo Ɗan Keke Daga Sirdi

A shekarar 1991 wani masanin aikin sassan jiki ɗan ƙasar Amurka, Michael Joyner, ya wallafa nazarin da ya ɗora saurin mai gudun fanfalaki a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne ƙololuwar shan oksijin, wato mafi yawan iskar oksijin da jiki ke iya zuƙa ya sarrafa a minti guda. Na biyu shi ne kason wannan ƙololuwa da mutum ke iya riƙewa na tsawon lokaci ba tare da sinadarin laktet ya taru a jininsa ba. Na uku shi ne tsimin gudu, wato yawan oksijin da mutum ke ƙonawa kafin ya ci kilomita guda a wani ƙayyadadden sauri. Da ya haɗa mafi kyawun alƙaluman da aka sani a kowane ginshiƙi, lissafinsa ya nuna ɗan Adam zai iya kammala gudun a awa 1 da minti 57 da daƙiƙa 58. Amfanin wannan rabe-rabe a nan shi ne yana ba da damar a ɗauki kowane ginshiƙi a duba ko keke yana gina shi.

Ginshiƙi na farko kusan ɗungurungum yake tahowa. Zuciyar baligi tana harba kimanin lita 5 na jini a minti idan yana hutawa, ta kai wajen lita 20 idan ya yi aiki iyakar ƙarfinsa. A jikin gwanayen wasannin juriya adadin yakan haura lita 30. Wannan bunƙasa ta samo asali ne daga faɗaɗar ɗakin zuciya na hagu da ƙaruwar yawan jini, kuma zuciya ba ruwanta da ko feda ake takawa ko kwalta. Shi ya sa alƙaluman 'yan keke suke cikin mafi girma da aka taɓa aunawa. Saurayin da ba ya horo yakan sha mililita 40 zuwa 45 na oksijin a kan kowane kilo na nauyinsa a minti guda. Manyan 'yan keke da 'yan gudu sukan kai 70 zuwa 85. A 2012 kuwa an auna 97.5 a jikin wani matashin ɗan keke na ƙasar Nowe, Oskar Svendsen.

Ginshiƙi na biyu rabinsa ne ke tahowa. A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda a cikinsu ne ake ƙona sukari da kitse da taimakon oksijin domin samar da ƙarfi. Tun a 1967 John Holloszy ya nuna cewa horon juriya yana bunƙasa su ƙwarai. Sai dai wannan bunƙasa a tsokar da ta yi aikin take tsayawa. Bengt Saltin, masani ɗan ƙasar Suwidin, da abokan aikinsa sun tabbatar da haka a 1976, lokacin da suka sa mutane horo a kan keke da ƙafa ɗaya: ƙafar da ta yi aiki ita ta kwashe mafi yawan ci gaban, ɗayar ba ta samu sai ɗan kaɗan ba. Tuƙa keke ya fi dogara a kan tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu, gudu kuwa yana ɗora babban kaya a kan tsokar sha-raɓa da ta bayan cinya. Inda ayyukan biyu suka haɗu a tsoka ɗaya, ɗan keke ya ci riba. Inda suka rabu, daga farko zai fara.

Akwai kuma wani guzuri da ba a auna shi a ɗakin gwaji, wato gogewa. Jiki yana ajiye sukarin da bai wuce na kalori 2,000 ba a tsoka da hanta, alhali gudu yana cin kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyi a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kusan kalori 3,000 ke nan kafin ya kammala. Wannan ne dalilin durƙushewar da kan sami mutane tsakanin kilomita 30 da 35. Ɗan keke ya san wannan yunwa tun a kan sirdi, ya saba ci da sha yana cikin tafiya, ya kuma saba raba ƙarfinsa a kan sa'o'i. Sabon shiga sai ya sha wuya kafin ya koyi waɗannan.

3.0 Abin da Ke Tsayawa a Kan Sirdi

A kan keke sirdi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki, ƙafa kuma tana zagayawa ne ba tare da ta daki komai ba. A gudu kuwa kowane taku ƙaramin tsalle ne, kuma ƙafar da ta dira tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Mai gudun da ke yin taku 180 a minti, idan ya shafe awa uku, ya yi taku 32,400. In nauyinsa kilo 70 ne, ƙafa ɗaya ce ke tarbar kwatankwacin kilo 140 zuwa 210 a kowace dira. Babu wani abu a rayuwar ɗan keke da ya shirya shi domin wannan duka.

Bambancin ya zarce yawan nauyi, ya shafi yadda tsoka ke aiki. Wajen taka feda tsoka tana tsukewa ne tana turawa. Wajen dirar gudu kuwa tana miƙewa alhali tana ɗauke da kaya, tamkar ɗan dako da ke sauke buhu a hankali don kada ya fashe. Irin wannan aiki yana yi wa zaren tsoka ƙananan yage-yage, waɗanda ke haifar da tsamin jikin da kan tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku. Tsoka takan koyi kare kanta idan aka maimaita mata aikin, amma sai an maimaita ɗin. Wanda bai yi haka ba, cinyoyinsa ne za su sanƙare a kilomitocin ƙarshe alhali numfashinsa lafiya lau.

Sai kuma ginshiƙi na uku, tsimin gudu, wanda keke ba ya taɓuka masa komai. Ƙafar mai gudu tana aiki kamar sifirin. A 1987 Robert Ker da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar Nature cewa agara, wato babbar jijiyar da ke haɗa sha-raɓa da dunduniya, tana ajiye kimanin kashi 35 cikin ɗari na ƙarfin kowane taku ta mayar da shi, lanƙwasar tafin ƙafa kuma tana mayar da kashi 17. Kusan rabin aikin ke nan ake samu ba tare da an ƙona oksijin dominsa ba, ga wanda ƙafarsa ta iya. Wannan ya bayyana yadda Frank Shorter na Amurka, wanda ƙololuwar shan oksijin ɗinsa ba ta wuce kimanin 71 ba, ya lashe zinare a gasar Olamfik ta birnin Munik a 1972. Haka nan binciken da Saltin ya jagoranta a tsakiyar shekarun 1990 ya gano cewa manyan 'yan gudun Kenya ba su ɗara takwarorinsu na arewacin Turai da wani abin kirki ba a ƙololuwar shan oksijin. A tsimin gudu ne suka yi musu fintinƙau. Ko nauyin giram 100 da aka ƙara wa kowane takalmi yana ƙara cin oksijin da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ke nuna cewa a gudu komai ƙanƙantar nauyi sai an biya kuɗin ɗaukarsa, saɓanin keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Maganar ƙashi ita ce mafi nauyi. Tun a 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana gina kansa ne daidai da kayan da ake ɗora masa. Ƙashin da ba a dukansa ba ya ganin dalilin yin kauri. Nazarce-nazarce da dama sun gano ƙarancin ƙwarin ƙashi a jikin ƙwararrun 'yan keke, musamman a gadon baya da kwatangwalo. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya kwatanta manyan 'yan keke da manyan 'yan gudun ƙasar Nowe, ya samu fiye da rabin 'yan keken da wannan ƙaranci. Ke nan mai yiwuwa ne mutumin da ya fi kowa ƙarfin zuciya a layin farawa ya kasance cikin masu raunin ƙashi a wurin.

Zafi ma yana da nasa hukunci. Mai tuƙa keke a saurin kilomita 35 a awa yana samun iskar da ke busar masa da gumi kyauta. Mai gudu a kilomita 12 zuwa 14 a awa ba ya samun ko rabinta. A gasa irin ta birnin Legas, wadda aka fara a 2016 kuma akasari ake yin ta a watan Fabrairu cikin zafi da laima, wannan bambanci kaɗai ya isa ya rusa lissafin wanda ya auna kansa da abin da ya saba ji a kan sirdi.

4.0 Shaidar Fage

Manyan 'yan keke da dama sun gwada, kuma sakamakonsu a rubuce yake. A ranar 5 ga Nuwamban 2006 Lance Armstrong ya shiga gasar birnin Niyok, kimanin wata 15 bayan ya sauka daga tseren Tour de France na 2005. An taɓa auna ƙololuwar shan oksijin ɗinsa sama da 80, kuma fitattun 'yan gudu irin su Alberto Salazar da Joan Benoit Samuelson da Hicham El Guerrouj ne suka yi karɓa-karɓa wajen daidaita masa sauri. Ya kammala a awa 2 da minti 59 da daƙiƙa 36, kusan minti 50 bayan wanda ya lashe gasar, Marilson Gomes dos Santos na Birazil. Ya shaida wa manema labarai cewa bai taɓa yin aikin da ya wahalar da jikinsa kamar wannan ba, daga baya kuma likitoci suka gano tsagewa a ƙashin ƙwaurinsa. Da ya dawo a 2007 bayan shekara guda ta ƙarin horon gudu, sai ya yi awa 2 da minti 46 da daƙiƙa 43. Ba a tsammanin zuciyar mai shekara 36 da ya bar gasar keke ta ƙara girma a wannan tsakani. Ƙafa ce ta koyi aikinta, ta rage masa kusan minti 13.

Wajibi ne a ambaci cewa a 2012 an ƙwace wa Armstrong kambunsa bakwai na Tour de France saboda amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari, hukuncin da ya shafi duk sakamakonsa tun daga Agustan 1998, kuma shi da kansa ya amsa laifin a 2013. Saboda haka bai dace a tsaya a kansa shi kaɗai ba. Laurent Jalabert na Faransa, wanda ya lashe tseren zagaye Sifaniya a 1995, ya yi awa 2 da minti 55 a Niyok a 2005, shekara uku bayan ya yi ritaya. Adam Yates na Ingila kuwa yana tsakiyar ganiyarsa ya gwada. A 2021 ya zo na huɗu a tseren zagaye Sifaniya, ya zo na uku a tseren Lombardiya na Italiya a watan Oktoba, sannan a Nuwamba ya yi gudun fanfalakin birnin Basilona a awa 2 da minti 58. Mutum uku ke nan daga sahun gaba na duniyar keke, kuma duk sun taru a daf da awa uku. Bajintar da Kelvin Kiptum na Kenya ya kafa a Shikago a 2023 ita ce awa 2 da daƙiƙa 35. A lokacin da Kiptum zai tsallaka layin ƙarshe, mai gudun awa uku yana da sauran kusan kilomita 14 a gabansa.

In aka juya tafiyar, labarin ya sha bamban. Michael Woods na Kanada ɗan gudu ne da ya ci mil guda a ƙasa da minti huɗu yana ɗan shekara 18, ya kuma lashe zinaren mita 1,500 a gasar matasan nahiyar Amurka a 2005. Tsagewar ƙashi da ta yi ta maimaituwa a ƙafarsa ce ta raba shi da gudu, ya koma keke. A 2018 ya ci tagulla a gasar keke ta duniya, a 2023 kuma ya lashe zango guda na Tour de France a kan dutsen Puy de Dôme. Zuciyar da gudu ya gina ta kai shi sahun gaba a keke, domin keke bai nemi wani abu daga ƙashinsa ba. Wannan ya yi daidai da abin da Hirofumi Tanaka ya tattara a nazarinsa na 1994 a kan tasirin wani nau'in horo a kan wani: amfanin yana ƙetarawa, ya fi ƙetarawa daga gudu zuwa sauran wasanni, kuma ba ya zarce abin da horo a ainihin wasan ke bayarwa.

5.0 Inda Haɗarin Yake

Sassan jiki ba sa karɓar horo a lokaci guda. Ruwan jini yana ƙaruwa cikin kwanaki, mitokondiriya cikin makonni, agara da ƙashi kuwa sai an haɗa da watanni. Wani bincike da aka yi a Denmak a 2013 ya nuna cewa tsakiyar agarar ɗan Adam kusan ba ta sabuntuwa bayan ya kai shekara 17, alamar irin jinkirin da wannan sashe ke da shi. Shi kuwa ƙashi, idan aka ɗora masa sabon kaya, yakan fara ne da rushe tsohon gini kafin ya ɗora sabo, kuma zagayen yakan ɗauki wata uku zuwa shida. A makonnin farko, ke nan, ƙashin ya fi rauni a kan yadda yake kafin a fara. In aka ci gaba da dukansa a wannan tsakani, ƙananan tsage-tsage sukan haɗu su zama karaya. Ba sabon ciwo ba ne: wani likitan sojan Furushiya mai suna Breithaupt ya bayyana shi tun a 1855 a ƙafafun sojojin da aka sa doguwar tafiya.

Sabon shiga da bai taɓa horo ba yana da wata kariya da bai san yana da ita ba. Da ya yi minti goma sai haki ya tsayar da shi, gobe ya tashi a gajiye ya huta. Raunin zuciyarsa shi ke iyakance dukan da ƙashinsa ke sha, har sassan biyu su taso tare. Ɗan keke ba shi da wannan kariya. A fitarsa ta farko yana iya cin kilomita 15 yana hira, ya dawo gida yana ganin abin wasa ne, jibi ya ƙara. Ma'aunin da ya saba dogara da shi, wato numfashi da bugun zuciya, gaskiya yake faɗa masa game da zuciya, amma ba ya ɗauke da labarin ƙashi ko kaɗan. Ƙashi da agara kuma ba sa yin ƙorafi da wuri. Kafin zafi ya bayyana a ƙwauri ko a dunduniya, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Jiki magayi ne, amma a wannan fanni a makare yake ba da labari.

6.0 Hujjar Masu Ganin Akasin Haka

Masu kare wancan ra'ayi suna da hujjoji da bai kamata a raina ba. Ta farko ita ce, gudun ƙasa da awa uku bajinta ce da mafi yawan masu gudu ba sa kaiwa duk tsawon rayuwarsu, tunda matsakaicin lokacin kammalawa a manyan gasannin birane ya haura awa huɗu. Wanda ya sauko daga keke ya yi haka a gwajin farko ya tabbatar da cewa horonsa ya biyo shi. Wannan gaskiya ne, kuma maƙalar nan ba ta musa ba. Abin lura shi ne mizanin da ake aunawa da shi. Waɗannan mutane suna cikin 'yan ƙalilan mafi ƙarfin zuciya a doron ƙasa, amma a gudu sun tsaya a matsayin gwanin unguwa. Ɗan keke na ƙarshen mako, wanda bai kai rabinsu ba, shi ma irin wannan ragi zai fuskanta daga nasa matsayi.

Hujja ta biyu ita ce manyan 'yan gudu ma suna hawa keke. 'Yan jaridar da suka ziyarci sansanin Kaptagat a Kenya sun ruwaito cewa Eliud Kipchoge yakan hau keken motsa jiki na girke na awa guda, sau biyu a mako. Sai dai a wannan mako ɗin yana gudun kimanin kilomita 200 da ƙafarsa. Keken hutu ne ga ƙafar da ta riga ta ƙoshi da duka.

Hujja ta uku daga gasar nan mai rukuni uku take, wadda ake yin iyon kilomita 3.8, a tuƙa keke kilomita 180, sannan a rufe da cikakken gudun fanfalaki, kuma gwanayenta suna yin gudun a ƙasa da awa 2 da minti 40. Amma waɗannan 'yan gudu ne na shekara da shekaru. Gwen Jorgensen ta Amurka, wadda ta lashe zinare a gajeren nau'in wannan gasa a Olamfik ta 2016, ta koma gudun fanfalaki zalla, ta yi awa 2 da minti 36 a Shikago a 2018, aka yi mata tiyata a dunduniya a 2019, daga baya ta koma tsohon fagenta. In wadda ta tashi da gudu ta gamu da wannan, wanda bai san komai ba sai sirdi ya fi cancantar yin hattara. Kama da wane ba ta wane.

7.0 Abin da Ya Dace

Shawarar da ke fita daga waɗannan bayanai ita ce ɗan keke ya ɗauki kansa a matsayin mutum biyu: gwani daga ƙugu zuwa sama, ɗan koyo daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma ɗan koyon ne zai tsara jadawali. A watannin farko gudun minti 20 zuwa 30, ana cakuɗa shi da tafiya, sau uku a mako da hutun yini a tsakani, ya wadatar, ko da kuwa zuciya tana neman ƙari. Ƙasa mai laushi ta fi kwalta a wannan mataki. Ƙishin aiki mai tsanani sai a kashe shi a kan keke, inda ba a biyan sa da ƙashi, kuma a nan ne ɗan keke ya fi sauran masu koyo sa'a, domin ba ya asarar komai na zuciyarsa yayin da yake jiran ƙafarsa. Atisayen ƙarfafa sha-raɓa da cinya da ɗaga nauyi suna taimaka wa agara da ƙashi, haka ma wadataccen abinci mai sinadarin kalsiyam da bitamin D. Ɗabi'ar rage ci domin rage nauyi, wadda ta yaɗu a tsakanin 'yan keke, tana ƙara raunana ƙashi.

Ya fi dacewa a fara da gasar kilomita 10, a bi da ta kilomita 21, kafin a yi rajistar cikakken gudu, kuma doguwar fita ta mako-mako ta riƙa ƙaruwa sannu a hankali har ta kai wajen kilomita 30. Wata shida shi ne mafi ƙarancin abin da hankali zai ɗauka, shekara guda ta fi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk zafin da ya tsaya a wuri guda a kan ƙashi, wanda ake iya nunawa da ɗan yatsa, yake kuma ƙaruwa da gudu, dalili ne na a dakata a ga likita. Masu horarwa ma suna da alhaki a nan: jadawalin da aka gina a kan bugun zuciya kaɗai zai yaudari irin wannan ɗalibi, don haka yawan kilomita da yawan ranakun gudu ne ya kamata su ƙayyade masa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ginshiƙai uku na gudun fanfalaki ta nuna cewa keke yana bayar da na farko kusan gaba ɗaya, ya bayar da wani kaso na na biyu, ya bar na uku da ƙwarin ƙashi a hannun gudu. Sakamakon Armstrong da Jalabert da Yates ya nuna girman abin da ke tahowa da kuma iyakarsa, tarihin Woods kuma ya nuna cewa hanyar ta fi sauƙi daga gudu zuwa keke. Horon keke jari ne na gaske ga mai niyyar gudun fanfalaki, kuma yana rage masa tafiya. Sharaɗin cin moriyarsa shi ne mai shi ya yarda ya yi gudu ƙasa da abin da numfashinsa ke ba shi izini, na tsawon watannin da ƙashi da agara ke buƙata kafin su kamo zuciya.